Amsar Kawu kan gudummawar biki da abin da masana suka ce

Salamu alaikum 'yata, ya bautar ƙasa, ya zafi? Na ga saƙonki, dogo ne amma na karanta shi har ƙarshe. In na fahimce ki daidai cewa kike a jami'a an koya muku ƙasa ba ta bunƙasa sai mutanenta suna tanadi suna zuba jari, mu kuwa abin da muka samu biki da suna da hidimar dangi ke cinyewa, shi yasa kike tambaya ko dole ne ki ba da gudummawar bikin 'yar gwaggonki daga ɗan alawus ɗin da kike tarawa don sayen keken ɗinki, ko kuwa al'ada ce kawai da ya kamata 'yan boko su yi watsi da ita.

Toh malaminku bai yi ƙarya ba, kuma maganar ta girme shi. Tun 1954 Arthur Lewis, baƙar fata ɗan tsibirin Sent Lusiya, ya rubuta cewa babbar tambayar fannin nazarin bunƙasar tattalin arziki ita ce yaya al'ummar da ke ajiye kashi 4 ko 5 cikin 100 na abin da take samu za ta koma tana ajiye kashi 12 zuwa 15. Shi ne Nkrumah ya ɗauko ya zama mai ba shi shawara da Gana ta samu 'yanci a 1957, ba su daɗe ba suka raba gari, a 1979 kuma aka ba shi kyautar Nobel. Mutum ne mai kaifin basira, ba na ja da shi. Amma lissafinsa na ƙasa ne gaba ɗaya, kuma shi kansa a wurin masu masana'antu da ribarsu yake hango tanadin, ba a ɗan kuɗin da uwarki ke ƙullewa a bakin zani ba.

Ni waɗanda na fi ɗaukar maganarsu a wannan batu su ne waɗanda suka zo suka zauna a ƙauyukanmu suka sha rana. Akwai wata Baturiyar Ingila Polly Hill da ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina a 1967, ta ga cinikin da matan kulle ke yi a cikin gida, hatsi da ƙuli-ƙuli da abincin sayarwa yara na kai talla, cinikin da babu wani ofishin ƙididdiga da ya san da shi. Mu a aikin gona kuma sunan David Norman, wani masanin tattalin arzikin noma, muka sani a Samaru ta Zariya, lokacin ana ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya duhun kai ne, shi ya bi manoma gona-gona ya auna ya nuna ai manomin ya san abin da yake yi, in wannan ya ƙi wancan zai yi.

Amma wanda ya taɓo tambayarki kai tsaye Christopher Udry ne, Ba'amurke. Daga 1988 zuwa 1989 ya bi gidaje kusan 200 a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya yana rubuta wa ya ranta wa wa, nawa, kuma nawa aka biya. Ya tarar kusan duk bashin tsakanin 'yan uwa ne da maƙwabta, ba takarda, yawanci ba jingina, sau da yawa ma ba a yanke ranar biya ba. Abin da ya fi jan hankalin masana shi ne yadda biyan ke tafiya, in ambaliya ko iska ko ƙwari suka ɓata gonar wanda ya ci bashin sai a sassauta masa ya biya ƙasa da haka ko a ƙara masa lokaci, in kuma mai ba da bashin ne masifar ta faɗa wa to wanda ya ci bashin sai ya biya da ƙari. Ki sake karanta wannan na biyun. Wane banki ne zai ce ki ƙara masa don gobara ta tashi a gidan manaja, kuma ki ƙara da daɗin rai? Udry ya ce wannan bashin aikin inshora yake yi. Mu dai zumunci muke kiransa, ba mu san sai an zo daga Amurka an auna shi ba.

Gudummawar biki a wannan layin take. Ke yarinya ce kina can wajen ƙawayen amarya kuna hoto, ba ki taɓa zama a ɗakin uwar biki ba. Ran nan ki leƙa. Za ki ga wata 'yar makaranta a gefen gado da littafi irin mai layi-layin nan da biro, duk matar da ta shigo ta gaisa ta ciro abin da ta zo da shi daga jaka, uwar biki ta ƙirga a ƙarƙashin mayafi ta raɗa wa yarinyar, ita kuma ta rubuta, Inna wance dubu biyar da turmin atamfa, matar wane kwalla ɗaya da sabulu. Littafin nan a ƙasan akwati yake kwana shekara da shekaru, ranar da Inna wance za ta aurar da tata 'yar sai a ɗauko shi a duba kafin a fita. A da ma ninkawa ake yi, ta ba ki sule ki mayar da biyu, ita ta dawo da huɗu, in ya yi nauyi a sasanta a koma ƙasa. Kinga matar da ba ta da asusu a ko'ina ta yi shekara ashirin tana rarraba ajiyarta a hannun mata talatin, ranar da za ta yi wa 'yarta kayan ɗaki duk su dawo mata a wuni ɗaya. In wannan ba tanadi ba ne to ban san mene ne tanadi ba, sai dai ba ya shiga lissafin babban banki.

Kar ki ɗauka ina wanke al'adar tas, a'a. Udry kansa ya ga inshorar ba ta cika ba, kuma tana aiki ne in masifar ta mutum ɗaya ce, amma in fari ne irin na 1973 da ya haɗa kowa da kowa wa zai ranta wa wa? Polly Hill ma ta nuna ƙauye ba duka aka zama ɗaya ba, mai rumbu yana riƙe hatsinsa sai ya yi tsada, talaka ya sayar da nasa da kaka da arha ya dawo ya saya da tsada da damina, kuma bashin ba-da-kaka ba duka ne na tausayi ba. Sannan nauyin dangi gaskiya ne, masana sun gano a Kamaru akwai masu kuɗi ajiye a ƙungiyar ajiya da lamuni amma su je su ci bashi a can su riƙa biyan ruwa, don kawai in ɗan uwa ya zo roƙo su ce wallahi bashi ma ake bi na. Na yi dariya da na karanta, don na san masu yin irinta a nan, mutum ya sayi bulo ya jibge a fili ba don ya shirya gini ba sai don kar kuɗin su kwana a aljihunsa. Ga kuma faɗuwar naira, dubu biyar ɗin da aka rubuta shekara goma baya in aka mayar miki da ita yau an cuce ki ko da an ɗora wani abu a kai, shi yasa wayayyun mata suka fi son a kawo kaya.

Inda nake so ki buɗe ido shi ne ba duk abin da ake kira al'ada yau ne ke shiga littafin nan ba. Anko kala uku, dina a holi, mai kwalliya, mai hoto, liƙi a bainar jama'a don a ɗauka a waya a sa a Instagram, wannan kuɗin in ya fita ya fita kenan, ba wanda zai dawo miki da shi ranar naki, kuma kakarki ba ta san su ba balle a ce gado ne. Malaminku in waɗannan yake nufi ina bayansa ɗari bisa ɗari. Abin da ke ba ni haushi shi ne a haɗa su da gudummawa a kira su duka almubazzaranci, alhali ɗaya cuɗe-ni-in-cuɗe-ki ne ɗaya kuwa gasa ce.

Don haka ga shawarata. Kuɗin keke kar ki taɓa su, jari ne, kuma keken nan shi zai sa gobe ki iya ba da abin da ya fi na yau. Anko ki ce ba ki da hali, ki sa atamfarki mai kyau ki je, duk wadda ta yi magana ki turo ta wurina. Gudummawa kuwa ki bayar, ko kaɗan ce, daga alawus ɗin watan nan, kuma kar ki yi turansfa ki yi shiru, ki kai da hannunki ɗakin gwaggonki ki durƙusa ki gaishe ta a rubuta da sunanki, yanzu kin fara samu ya kamata ki buɗe shafinki daban da na uwarki. Kafin nan ki kira uwar taki ta ɗauko littafin bikin yayarki ta duba abin da gwaggon ta kawo, don ita nata nauyin daban ne kar ta gaza shi. Ki gaishe min da ita, ki ce ina nan tafe ranar ɗaurin aure in Allah ya kai mu.