Bikin gari na masu sana'a ne, kwamiti ɗan aike ne

Assalamu alaikum. Ƙanena mai tambaya, na ga saƙonka tun jiya, sai yau na samu zama. Ka ce matasan garinku kuna son tayar da bikin al'adu na shekara-shekara wanda jama'a za su riƙe da kansu, amma dattawa sun tsare ku da tambayar amfaninsa, ku kuma ba ku san wa za ku fara tunkara ba. Na yi shekara 9 ina riƙe da littafin kuɗin irin wannan biki a ƙauyenmu, nan ƙasar Daura, don haka bari in gaya maka abin da idona ya gani.

Kada ka ɗauki Sallar Gani ta zama ma'auninka. Wannan ta fada ce. A watan Rabi'ul Awwal ake yin ta, Mai Martaba ya hau, hakimai su shigo da dawakansu daga Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa, 'yan'uwanmu na Nijar su tsallako. Haka Hawan Bariki a Katsina. Waɗannan suna da masarauta a bayansu. Abin da kake nufi ya fi kusa da kalankuwa, wadda samari ke yi bayan an kawar da amfanin gona: su naɗa sarkinsu da Gwamna da Di'o da alƙali da 'yan doka, a yi kwanaki ana wasa. Babu wanda ya taɓa ba su kasafi. Dami ne da tiya da goro.

Su wa ke riƙe da shi? A nan muka fara tuntuɓe. Shekararmu ta farko, mu 'yan boko muka zauna muka rubuta tsari, muka buga takardar gayyata, sannan muka aika wa Sarkin Fawa cewa ya turo 'yan dambe. Bai turo ko yaro ɗaya ba. Da muka je, ya ce mana dambe ba a aiko masa da takarda. Gaskiyarsa. Dambe na mahauta ne, kalangu kiɗansu ne, su suka san wa ya isa ya shiga da wa, su ke raba fili in an yi kisa, wato an kayar da ɗan dambe ƙasa, rai ya ɓaci. Kokawa ta manoma ce, sai ka bi ta Sarkin Noma. Maƙera suna da Sarkin Maƙera da kiɗan dundufa, kuma ba za su taɓa wuta a gaban jama'a ba sai da izininsa. Sarkin Makaɗa shi ya san wanda za a fara yi wa kiɗa, wanda in ka kuskure, sai ka shekara kana ba da haƙuri. In kuna son Fulanin rugagen da ke kewaye su zo, Arɗo za ku gani, da ƙafarku. Kowane ɗayansu a je masa gida da goro, bayan an sanar da mai unguwa da dagaci, shi kuma ya kai wa hakimi.

Mata kuwa, mun raina su da fari, mun ji kunya. Su ke dafa abincin baƙi, su ke kawo faifai da ƙwaryar da aka yi wa zane da tukwane, kuma lissafinsu ya fi namu tsabta. Dattijuwar da ke riƙe musu adashi ba ta taɓa ɓatar da kwabo ba, ni kuwa da biro da littafi sai da na ciko daga aljihuna sau biyu.

Maganar amfani, kada ka tsaya yi wa dattawa dogon turanci a kan raya al'ada. Ka ce musu ciniki. Baduku da ya shekara yana jiran mai sayen laya da kube, ranar nan zai sayar da burgami da takalma, ya karɓi aikin da zai kai shi damina. Ka ce musu zumunci: ɗan gari da ke Legas ko Abuja yana da ranar da ya san zai tarar da kowa a gida, aure nawa aka ƙulla a gefen filin nan ban iya ƙirgawa ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yara. Wani tsohon masaƙi ya kafa masaƙarsa a ƙarƙashin tsamiya yana jefa ƙoshiya, yara suka kewaye shi har la'asar, don ba su taɓa gani ba. Biyu daga cikinsu sun koya a hannunsa kafin Allah ya yi masa rasuwa.

Yanzu abin da ya kusa kashe namu. Wata shekara gab da zaɓe, wani mai neman kujera ya ce zai ɗauki nauyin komai. Muka yi murna, muka daina bi gida-gida. Ranar biki aka kafa masa rumfa, aka hana fara dambe sai ya iso. Bai iso ba sai dab da magariba. Makaɗa suka bar taken 'yan wasa suka koma wasa shi, 'yan ɗaya jam'iyyar suka kwashe tabarminsu. Shekarar da ta biyo ya ɓace, da muka koma neman gudummawa sai a ce mana, ai kuna da ubangida. Shekara biyu ba a yi ba. Tun daga nan muka sa doka: mai kuɗi ya ba da ragon kyauta ko buhun taki ga gwanin noma, a gode masa a lasifika, amma abinci da sallamar makaɗa daga gidaje za su fito, ko tiya ɗaya ce, kuma a karanta lissafi a ƙofar dagaci bayan an watse.

Ku zauna da liman tun kafin rana ta zo. Mu an tsaya a kan cewa kiɗa ya tsaya in an kira sallah, mata da gefensu, a tashi kafin duhu. Ku sanar da 'yan sanda, ku sa 'yan banga a bakin fili. Rana kuwa ku sa ta bayan an gama kai dawa rumbu, kafin samari su tafi cin rani, kuma in garinku na cin kasuwar Mai'aduwa, ku kauce wa Lahadi, don mahautanku duk suna can.