Maharban ƙasa da masu baka a kan doki

Ɗan uwa, kana tambaya yaya maharban ƙasa za su yi da masu harbi daga kan doki a wasan kwamfuta na Age of Empires II. Kar ka bi su, wallahi biyar su ita ce ke cinye maka mutane. Ka tara maharbanka wuri ɗaya, kan tudu in akwai, don harbi daga sama na ƙara lahani da kashi 25 cikin ɗari, ka bari su su iso ka. Crossbowman ɗinka, wato maharbin ƙasa, ya fi su nisan harbi, shi 5 su 4, kuma ya fi araha, to kafin su matso ka riga ka zuba musu kibiya. Ka haɗa da Skirmisher, sojan ƙasa mai jifa da mashi, ba ya cin zinariya kuma maganinsu ne.

Amma fa ka sayi Ballistics, fasahar saita harbi kan abin da ke gudu, a ginin jami'a da wuri, in babu shi kibiyoyinka bayan doki suke faɗawa. Mu nan Yamai da rezo ke yankewa da dare ban yarda in dogara da saurin hannu ba, gara in gina hasumiya ko katanga kusa da ma'adinin zinariya in ajiye maharba can, tunda can masu dokin suke zuwa farautar ma'aikata.