Zargin maita a garuruwan bakin kogin Connecticut

Tambaya: Malam, na ji ana cewa Turawan da suka fara zama a Amurka sun riƙa rataye mutane bisa zargin maita. Shin rashin addini ne ya kai su ga haka?

Amsa: Ko kusa, ɗan'uwa. Ingilishin da suka kafa Windsor da Hartford da Wethersfield a bakin kogin Connecticut Kiristoci ne 'yan Puritan, masu tsananin riƙo da addini. A dokarsu ta 1642 suka yanke wa maye hukuncin kisa, hujjarsu kuma aya ce daga Littafin Fitowa na cikin Baibul. A fahimtarsu, maye shi ne wanda ya ƙulla alkawari da Shaiɗan, don haka barinsa a gari jawo fushin Allah ne a kan kowa.

Wadda aka fara ratayewa ita ce Alse Young, mutuniyar Windsor, a 1647, shekara 45 kafin shari'ar maita ta garin Salem da ta fi yin suna. Abin ya ƙazanta a Hartford a 1662, bayan wata yarinya 'yar shekara takwas ta mutu tana kiran sunan maƙwabciyarsu. Daga nan aka shiga nuna wa juna yatsa. Rebecca Greensmith ta amsa laifi har ta ambaci mijinta, aka rataye su biyun a farkon 1663. Jimillar waɗanda aka kashe a Connecticut 11 ne, yawancinsu mata.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne irin shaidar da aka karɓa: saniya ta mutu bayan cacar baki, ko wani ya ce ya ga siffar wance cikin dare. Da wannan aka ɗauki rayuka.

Gyaran ma ta hannun malaman cocin ya biyo. Da aka samu Katherine Harrison, wata mai dukiya a Wethersfield da mijinta ya rasu, da laifi a 1669, kotun Gwamna John Winthrop ƙarami ta nemi ra'ayinsu. Suka ce ba a kisa sai shaidu biyu sun ga abu guda a lokaci guda. Mafarki da gizon dare kuwa, kowa nasa yake gani shi kaɗai. Aka sake ta a 1670, amma aka tilasta mata barin garin. A 2023 majalisar dokokin jihar Connecticut ta wanke sunayen waɗanda aka hukunta.