Tausa da ciwon ƙugu mai naci

Tambaya: Na daɗe ina fama da ciwon ƙugu. Wata mai tausa ta danne ni har na yi hawaye, washegari ko sunkuyawa na kasa. Haka tausa take?

Amsa: A'a, 'yar'uwa. Sana'ata ce, kuma ba na taɓa mutum sai na ji inda ke ciwo, tun yaushe, da maganin da yake sha. Ciwon da ya haura wata 3 yakan sa jijiyoyi saurin jin zafi, danna da ƙarfi tunzura su yake yi. Da tafin hannu nake farawa, ina lura da numfashinki. Kina riƙe shi, sai in sassauta. Sauƙin tausa na ɗan lokaci ne, ki haɗa da tafiya kullum. Amma idan ƙafa tana mutuwa ko fitsari na kuɓuce miki, maza ki ga likita.