Kuɗin belin da na biya don a saki yayana: na shiga la'anar masu rashawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a kasuwar katako ta Dei-Dei, Abuja. Ƙanenmu ya karɓi kayan wani bashi, ya kasa biya, ya bar gari. Mai kayan ya kai ƙara wani caji ofis, aka zo har shago aka tafi da yayanmu, wai sai ya fito da yaron. Ya kwana huɗu a bayan kanta, ga shi da hawan jini. Da ƙyar suka karɓi naira dubu 150, na tura ta hannun mai POS da ke bakin ƙofa, babu rasit. Shin na shiga la'anar masu ba da cin hanci? Kuma dattawan gida sun ce in bar wa Allah, kada in kai ƙara ko'ina. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ƙara wa yayanka lafiya.

Kamun kansa zalunci ne tun daga tushe. Allah yana cewa rai mai laifi ba ya ɗaukar laifin wani (An'am: 164). Da 'yan uwan Annabi Yusuf (AS) suka roƙe shi ya riƙe ɗayansu a madadin ƙanensu, cewa ya yi Allah ya tsare mu kama wani in ba wanda muka samu kayanmu a wurinsa ba, in mun yi haka mun zama azzalumai (Yusuf: 79). Dokar ƙasa ma a nan take: dokar gudanar da shari'ar manyan laifuka ta 2015, wadda ake aiki da ita a Abuja, da dokar 'yan sanda ta 2020, duk sun hana kama mutum a madadin wanda ake zargi, sun kuma hana kama shi kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kaɗai. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka tsare kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu tsakanin kilomita 40. Ina ne a Abuja babu kotu kusa haka?

Game da kuɗin, hadisin da ya tsorata ka ingantacce ne. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Amr cewa Manzon Allah (SAW) ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa. Sai dai mafi yawan malamai, irin su Khaɗɗabi da Ibn Taimiyya, sun ce mai bayarwar da ake nufi shi ne wanda ya bayar don a ba shi abin da ba nasa ba, ko a danne haƙƙin wani. Wanda ya bayar don ya kuɓutar da kansa ko ɗan uwansa daga zalunci, bayan ya rasa wata hanya, laifin yana wuyan mai karɓa shi kaɗai. Idan yadda ka faɗa haka ne, mara lafiya a tsare, babu laifin da ya yi, to ba ka cikin la'anar, in Allah ya yarda. Su kuwa haram suka ci, kuma mayar maka da kuɗinka wajibi ne a kansu, ko da sun kira shi kuɗin biro da takarda. Ita kanta rundunar 'yan sanda tana nanata cewa beli kyauta ne.

Amma wannan rangwame na lalura ne, kada a buɗe shi ya zama ƙofar gari. Direban da takardunsa suka ƙare ya dunƙule ɗari biyar ya miƙa a shinge ba ya ciki. Wanda ya biya a saki mai laifi ba ya ciki. Wanda ya fi su hatsari shi ne mai bin bashin da ya zuba wa 'yan sanda mai a mota don su kamo masa wanda bai ci masa komai ba. Ya yi tarayya a zaluncin. Bashinsa dai yana nan a kan ƙanenku, zaluncin da ya yi bai goge shi ba, ku nemo yaron a zauna a tsara biya.

Maganar dattawa kuwa, na san tsoro ne da ƙauna suka sa su faɗe ta, amma ban goyi bayanta ba. Allah ya halatta wa wanda aka zalunta ya ɗaga murya da abin da aka yi masa (Nisa'i: 148), ya kuma ce babu zargi a kan wanda ya nemi haƙƙinsa bayan an zalunce shi (Shura: 41). Yafiya tana da lada a abin da yake naka kai kaɗai. Wanda ya mayar da kakin gwamnati jarin kasuwanci kuwa, gobe wani zai kama, wataƙila wanda ba shi da ko dubu goma. Sayyidina Abubakar ya ruwaito cewa idan mutane suka ga azzalumi ba su riƙe hannunsa ba, ya kusa Allah ya game su da uƙuba. Kai ƙara ba rashin tawakkali ba ne. A ganina, ga wanda yake da iko da hujja kamarka, kai ƙarar ya fi shiru. Idan kuwa kana da tsoro mai ƙarfi cewa za a cutar da ku, shirun ba zunubi ba ne.

Hujjarka tana cikin wayarka. Adana saƙon banki na kuɗin da ka tura, da ranar da lokacin, ka rubuta ranar kamu da ranar saki da sunan wanda ya yi cinikin da kai. Akwai sashen karɓar ƙorafin jama'a na rundunar da aka buɗe a 2015, da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, duk suna nan Abuja. Ka tafi da lauya in da hali. Abin yakan ɗauki lokaci, kada ka sa ran gobe-gobe.

Sharaɗin da shari'a ta ɗora maka shi ne kada ka ƙara ko kwabo a kan abin da aka karɓa, kada ka ce an doke shi idan ba a doke shi ba, kada kuma ka haɗa da wanda bai sa hannu ba don kawai kakinsu ɗaya. Allah ne mafi sani.