Amsa kan shekarun babban cocin Sankt Gallen

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da yamma. Ina so in amsa tambayar da Malama ta yi a kan hoton da aka tura jiya na babban cocin Sankt Gallen da ke gabashin ƙasar Suwizalan, inda ta ce ta ga an rubuta shekarar 612, shin da gaske ginin ya kai wannan tsufa? Malama, wurin ne ya tsufa haka, amma ginin da ke cikin hoton bai kai shekara 300 ba.

A wajen 612 ne wani mai zuhudu da ake kira Gallus ya keɓe kansa a kwarin kogin Steinach, kuma sunansa garin ya ɗauka. A 719 wani firist mai suna Otmar ya kafa gidan sufaye a wurin, daga baya gidan ya bi ƙa'idar Benedikt, wato tsarin rayuwar sufayen Kirista da Waliyi Benedikt ya shimfiɗa, sannan a wajen 830 shugaban gidan, Gozbert, ya soma gina babban coci. Abin da ya rage daga wancan zamani shi ne ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ke ɓangaren gabas. Sauran ya sha gyara da gobara, ga kuma ɓarnar 1529, lokacin da mutanen garin suka bi tafarkin Furotesta suka farfasa siffofin da ke ciki.

Ginin da muke gani yau aikin shugaban gidan sufayen Cölestin Gugger von Staudach ne, wanda ya sa aka rushe tsohon zauren a 1755. Peter Thumb, magini daga yankin Vorarlberg na Ostiriya, shi ya jagoranci ginin sabon zauren da kubbar tsakiya, alhali a lokacin ya haura shekara 70 da haihuwa. Daga 1761 Johann Michael Beer ya ɗora da sashen gabas, inda sufaye ke taruwa don ibada, tare da hasumiyoyi biyu masu tsawon mita 68 kowace.

A nan ne nake so masu karatun zanen gine-gine a cikinmu su tsaya su duba da kyau. An saba ganin hasumiyoyin coci a yamma, a kan babbar ƙofa, amma a nan suna gabas, a bayan bagade, suna fuskantar filin gidan, don haka fuskar da ake ɗauka hoto ba ta nan ake shiga ba. Haka kuma kubbar ba a kusa da bagade take ba, a tsakiyar ginin aka zaunar da ita, zaure ya miƙe gabas da yamma daga gare ta kusan tsawo ɗaya. Sakamakon haka, duk wanda ya shiga sai ya ji wurin ya buɗe masa ta kowane gefe maimakon ya ja shi gaba kawai. A ganina wannan tsarin ya fi adon daraja, ko da yake adon ne ya fi jan ido: zanen rufi na Josef Wannenmacher mai duhu-duhu, da zayyanar filasta mai launin kore a kan farin bango, da kujerun sufaye 84 na katako da Joseph Anton Feuchtmayer ya sassaƙa. Salon barok ne na ƙarshe-ƙarshe, wato salon ginin Turai mai yawan ado, wanda ya riga ya karkata zuwa rokoko, salon da ya biyo bayansa.

Abin mamaki shi ne sufayen ba su ci moriyar ginin ba ko na shekara 40, domin a 1805 hukumar sabuwar jihar Sankt Gallen ta rufe gidan baki ɗaya, duk da fafutukar shugabansa na ƙarshe, Pankraz Vorster. Shi ya sa babban bagaden ya bambanta da sauran ginin, an yi shi ne bayan tafiyar sufaye, tsakanin 1808 da 1810, a salon da ya fi sauƙin ado. Cocin ya zama mazaunin bishop mai cin gashin kansa a 1847, kuma a 1983 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya, tare da ɗakin karatun gidan, wanda shi ma Peter Thumb ya gina zaurensa. Na gode da sauraro.