Ga ɗan'uwan da iska ta kayar wa katanga

Assalamu alaikum. Malam, Allah ya mayar da alheri, ya tsare gaba. Tun jiya na ga tambayarka, na yi shiru ina jiran injiniyoyin da ke cikinmu su yi magana, to har yanzu "Allah ya kyauta" kawai nake gani, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani. Ka ce iskar daren Talata ta kayar maka da katangar gabas, wadda aka yi da bulo inci 6, kana tambaya ko in ka sake da inci 9 magana ta ƙare, kuma ko za ka iya ƙara mata tsayi saboda ɓarayi. Wallahi da na buɗe hoton da ka turo sai da gabana ya faɗi. Irin kwanciyar da tawa ta yi ke nan, gaba ɗayanta a ƙasa kamar an shimfiɗa tabarma, bulo ko rabuwa da ɗan'uwansa bai yi ba.

Inci 9 ya fi inci 6, wannan babu musu. Amma kada ka kwanta da sakin jiki a kan haka. Tawa inci 9 ce, kuma ta faɗi.

Ni ma a bayan gari nake, ta hanyar Gezawa, irin filayen nan na awon igiya. Gabas da ni gonaki ne fetal, babu gini babu bishiya, kuma ka san hadarinmu na farkon damina daga gabas yake tasowa, ƙura ta riga ruwa zuwa. A watan Yunin 2022 ne, bayan sallar isha'i. Gari ya yi ja, aka ɗauke wuta, uwargida ta ce wa ƙaramar 'yarmu ta yi maza ta kwaso shanya. Igiyar shanyar a jikin wannan katanga take. Yarinyar ta kwaso, ta shigo baranda, ko ajiye kayan ba ta yi ba muka ji wata irin ƙara, ƙasa ta girgiza. Na haska tocila, babu katanga. Ina tsaye a tsakar gidana ina hangen gonar mutane da walƙiya. Inda yarinyar nan ta tsaya tana cire kaya, bulo ne jibge har gwiwa. Uwarta ta zube a wurin tana salati, ta riƙe ta ta ƙi saki, ita kuwa yarinyar ba ta ma fahimci abin da ya faru ba, takalminta da ta bari a can take tambaya. Ragon da nake kiwo don layya yana ɗaure a gindin katangar, shi bai tsira ba, ko wuƙa ba a samu sa masa ba. Tankin ruwa ya fashe, madafar tsakar gida ta rushe. Daren nan ban runtsa ba, a kujera na kwana da sanda, ruwa yana dukana, gida a buɗe, iyali a ciki. Har yau in hadari ya haɗo yarinyar nan ba ta yarda ta fita tsakar gida.

Da gari ya waye ne na ga abin da ya fi faɗuwar katangar ƙona mini rai. Maginin da na ba jingar aikin ba baƙo ba ne, sahu ɗaya muke sallah, surukin wani aminina ne. Ni da kaina na sayo rodi, aka sauke a gabansa, muka ƙirga tare. Kullum in na taso daga aiki na biya, sai in ga fila-fila, wato ginshiƙan kankare, a tsaye, kawunan rodi guda huɗu sun leƙo ta sama, in ce masa sannu da ƙoƙari, har in ƙara wa yaransa na abinci. Ashe guntaye ne ya yanka, tsawon kamu ɗaya, ya soka a saman kankare don ganin ido. Da filolin suka karye, cikinsu babu ƙarfe ko ɗaya daga tsakiya zuwa ƙasa. Fasassun bulo ne, da buhunan siminti da aka cusa, da kankaren da in ka murza da hannu yake zubewa. Na kusurwa ne kawai ke da rodi na gaske, su ma ɗora su aka yi a kan fandisho, ba a dasa su a ciki ba.

Na aika aka kira shi. Ya zo ya tsaya, hannu a baya, ya duba, ya ce, "Alhaji, ikon Allah ne, ai ba taka kaɗai ta faɗi ba." Na ɗauko guntun rodin na nuna masa, sai ya ce ai yara ne suka yi aikin ranar da ba ya nan. Duk filolin? Ina sauran rodin ya tafi? Shiru. Muka je gaban mai unguwa, dattawa suka taru, aka yi ta "a yi haƙuri, tunda Allah ya tsare rai", aminin nawa ma ya zo har gida yana roƙo don kada zumunci ya lalace. Ko sisi bai biya ba, ko kalmar "na yi kuskure" ban ji daga bakinsa ba. Na yarda da ƙaddara, Allah shi ne shaida, amma iska daban, cin amana daban. Yanzu haka yana nan yana karɓar ayyuka, in mun haɗu ya miƙo mini hannu kamar ba a yi komai ba. Na kan karɓa saboda masallaci, amma zuciyata ba ta huce ba, ba zan yi maka ƙarya ba.

To, Malam, kafin ka sayi bulo ko ɗaya, je ka duba gindin taka. Tunda a haɗe ta kwanta, daga ƙasa ta karye, kuma wannan matsalar fila ce da fandisho. Da zan sake tawa, wani ƙanen matata da ya karanta harkar gini ya tsaya mini, abin da ya sa aka yi shi zan gaya maka. Fila duk bayan mita 3, wato wajen bulo 6 zuwa 7, da kuma kowace kusurwa. Kowace fila rodi 4 mai milimita 12, da ringi, wato zoben ƙarfe mai kewaye rodin, duk bayan inci 8 ana ɗaure shi da waya. Abin da ya fi nanatawa shi ne a lanƙwasa ƙafar rodin a kwantar da ita cikin kankaren fandisho tun ranar zubawa, ta yadda filar za ta tsiro daga ƙasa. Gindin kowace fila kuma a faɗaɗa masa rami fiye da sauran. Haƙa kuwa har sai an tarar da ƙasa mai tauri, ni an yi mini kusan ƙafa 3 saboda wurin tsohuwar gona ce, samanta duk laushi. Faɗin ramin ninki uku na kaurin bulo. Bulon da ya nutse a ƙasa duk an cika ramukansa da kankare. Da aka kai sama sai aka zuba linta, wato kankare mai rodi a saman bulo, ta zagaye, ta ɗaure kawunan filolin gaba ɗaya. Mutanenmu suna ganin linta a katanga almubazzaranci ne, wai ai ba ɗaki ba ne. Ɗaki ma yana da bango huɗu da rufi suna riƙe juna, katanga kuwa ita kaɗai take tsaye a fili, wa zai riƙe ta?

Ranar zuba kankare ka ɗauki hutu a wurin aiki, ko za a yanke maka albashi. In ba za ka iya ba, ka ajiye ɗan'uwanka na jini, mai iya cewa a'a. Kada a rufe fila da katako sai ka leƙa ka ga rodi tun daga ƙasa har sama, ka ɗauki hoto. Haɗin ma a gabanka: buhu ɗaya na siminti, kwanon sarki 4 na yashi, 8 na tsakuwa. Suna son tsinka shi da ruwa don ya yi musu sauƙin zubawa, kada ka yarda. Buhunan da aka juye ka sa a tara maka su ka ƙirga da yamma. Za a ce ka cika ƙwaƙƙwafi. A ce mana.

Batun tsayi da ka tambaya, ni ban ba ka shawara ba. Ƙanen matar tawa ya yi mini lissafin a ƙasa da tsinke: in ka ninka tsayin katanga, iskar da take tarewa ta ninka, kuma tana tura ta daga can sama, don haka wahalar da gindin yake sha ninki huɗu ce. Tawa ta farko na kai ta kusan ƙafa 10 saboda tsoron ɓarayi, ta yanzu ƙafa 7 ce da ɗan ɗoriya, sai na sa waya mai reza a sama, wadda iska ke ratsawa ta wuce. Wani maƙwabcina layi biyu na sama ya yi su da bulo mai huji, shi ma dabara ce mai kyau, in dai ta gefen da ba za a leƙo iyali ba ne. Kuma maganar gaskiya, ɓarawon da ya yi niyya ƙafa 10 ba ta hana shi, ni dai an sace mini janareta lokacin da katangar take da tsayinta.

Bulo kuma, Allah ya sa ka dace. Wasu gidajen bulo suna fitar da sama da 45 daga buhu ɗaya, su sayar maka washegari tun bai sha ruwa ba. Ka ɗaga ɗaya zuwa ƙugunka ka sake shi, in ya wargaje ya zama yashi ka juya ka tafi. Ni na kira masu bugawa har fili, na ba su siminti da hannuna, na ce kada inci 9 ya wuce 30 a buhu, aka yi ta ba shi ruwa safe da yamma har mako guda. Fila da linta ma haka, ruwa mako guda, kuma siminti sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfinsa, saboda haka kada a rataya geti a filar da aka zuba shekaranjiya. Na san yadda kuɗin siminti ya koma, kowa a nan yana ji a jikinsa, ni ma sai da na sayar da babur ɗina na haɗa. In kuɗin ba zai kai ba, ka yi ɓangaren gabas kaɗai yadda ya kamata, sauran su jira kaka.

Na tuna geti. Irin rufaffen getin nan na falankin ƙarfe iska yake tarewa sosai, in yana ta bugawa shi ke girgiza fila har ta tsage. Filolinsa su fi sauran kauri, kuma a yi masa sakata mai shiga ƙasa. Sannan don Allah kada a ɗora rumfar kwano a kan katanga. Na ga gidaje da yawa a unguwarmu da rumfar ce ta tashi sama ta ja katangar suka tafi tare. A kafa wa rumfa ƙafafunta daban.

Ruwa ma yana kayar da katanga, nasa lokacin Agusta ne. In tsakar gidanka ta fi waje tudu, ko ruwan unguwa yana biyowa ta jikinta, yana kwanciya a gindi ya jiƙa ƙasa, sai ka wayi gari ka ga ta karkata. A sa bututun roba inci 4 a layin ƙasa nan da can, a rufe bakinsa da raga saboda ɓeraye da macizai. Amma ka yi magana da maƙwabcinka tukuna, kada ka juya masa ruwa gida, mu nan har yau akwai gida biyu da ba sa ga maciji a kan bututu ɗaya. Ni na shuka darbejiya a jere ta gabas don ta rage ƙarfin iska, sai dai na ja ta nesa da ginin saboda saiwa. Bishiyar turare kam ban yarda da ita kusa da gida ba, tsayi gare ta, reshenta ba ya jure iska.

Tunda damina ta riga ta shigo, in za ka gina yanzu kada a tayar da bulo har sama a bar shi ba fila ana cewa sai jibi. Sabon ginin da ba a ɗaure ba shi ne abincin iska, hadarin la'asar ɗaya ya ishe shi. A yi layi huɗu ko biyar, a zuba fila ta kamo shi, sannan a ci gaba. Kafin nan ka kafa zana da itace masu ƙwari ka rufe iyali. Kada ka kewaye da kwano, in iska ta fizge shi yana iya yanka mutum.

Sauran ɓangarori ukun da suke tsaye kuma, hannu ɗaya ne ya gina su. Ka samu wani magini daban, ba na farkon ba, ya fasa gindin fila ɗaya ko biyu da kurfi ku gani ko akwai rodi. Ni da aka fasa nawa babu rodi aka tarar, dole ta kudu ma aka sauke ta. Kafin ka duba, a kwance dabbobi daga jikinta, a cire igiyar shanya, kuma da zafin nan da ake kwana a tsakar gida, a ja shimfiɗar yara nesa da ita fiye da tsayinta. In ka samu dama ka ɗauko mana hoton wurin da ta karye daga ƙasa, kusa-kusa, zan tura wa ƙanen matar tawa ya duba maka.